Yadda Makaranta Za Ta Karɓi Koken Cin Zarafi ko Wariya, Ta Bi Shi Har Ƙarshe

Ɗalibin da ake ci wa zarafi ba kasafai yake shiga ofis ya ce ya kawo ƙara ba. Yakan tsaya ne bayan an tashi daga darasi, yana ta gyara jakar da ya riga ya gyara, sai kowa ya fita sannan ya ce, "Malama, don Allah a sauya mini wurin zama." Amsar da malamar ta ba shi a wannan lokacin ita ke yanke ko maganar za ta fito ko za ta koma ciki. In ta ce, "Kai dai ka cika ƙorafi, wuce ka tafi," to an kashe koken tun bai zama koke ba.

Abin kuwa ba ƙarami ba ne. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kashi 32 cikin 100 na ɗalibai, wato kusan ɗaya cikin uku, sun ce 'yan'uwansu ɗalibai sun ci zalinsu aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar. Siffar jiki ce ta fi jawo wa yaro tsangwama, sai launin fata ko asali ko ƙasar da ya fito. Don haka makarantar da ke bugun ƙirji tana cewa ita ba a taɓa kawo mata koke ba, ni dai ba na yi mata murna. Mai yiwuwa yaranta sun daɗe da gane cewa faɗar ba ta da amfani.

Matakan nan na shugaban makaranta ne, da malamai, da duk wanda aka ɗora wa sauraron irin waɗannan koke-koke. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka duk inda dokar ƙasarku ta gindaya wani sharaɗi, ita ce gaba.

Mataki na 1: A shirya tun koke bai zo ba

A naɗa mutum guda da kowa ya san shi ne ke da alhakin kare ɗalibai, a ba shi mataimaki, a kuma tabbata akwai mace akwai namiji a tsakaninsu. A Ingila wajibi ne kowace makaranta ta naɗa irin wannan jami'i daga cikin manyan ma'aikatanta. A Amurka, a ƙarƙashin dokar 1972 da ta hana wariyar jinsi a harkar ilimi, makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya sai ta naɗa mai kula da batun, ta kuma wallafa hanyar kai koke. Ko dokarku ba ta tilasta muku ba, ku yi.

Ƙofa ɗaya ba ta isa. Yaro ya iya zuwa wurin kowane malamin da ya amince da shi, ko ya jefa takarda a akwatin koke, ko iyayensa su buga waya. Akwatin kuwa kada a kafa shi a bakin ofishin shugaba inda kowa zai ga wanda ya jefa takarda. Sai tambayar da aka fi mantawa da ita: in shugaban makarantar ne da kansa ake ƙara fa? A rubuta ɓaro-ɓaro cewa irin wannan koke wurin shugaban hukumar gudanarwar makaranta zai tafi, ko ofishin ilimin da ke sa ido a kanta.

A rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya ko biyu, da harshen da ɗan aji ɗaya zai gane, a sa mata wa'adi. Shawarata ita ce a amsa wa mai koke cewa an karɓa cikin kwana ɗaya na makaranta, a kammala bincike cikin mako biyu zuwa uku. Koken da ba shi da wa'adi, hutun ƙarshen zango ne ke cinye shi.

Ƙa'idar ta kuma bambance abubuwa, domin ba kowace hayaniya ce cin zali ba. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan'adam da ya fara nazarin wannan matsala a makarantun arewacin Turai tun shekarun 1970, ya ba da alamomi uku: ana yin abin da gangan, ana maimaitawa, kuma ƙarfi ba ɗaya ba, ko ta girman jiki, ko ta yawa, ko ta matsayi. Yara biyu sa'o'in juna da suka yi faɗa kan biro, faɗa suka yi. Ɗan babban aji da ke ƙwace kuɗin tara na ƙaramin yaro kullum, wannan cin zali ne. Wariya kuma ita ce a bambanta ɗalibi saboda ko shi wane ne. Yarjejeniyar UNESCO ta 1960 kan yaƙi da wariya a ilimi ta lissafa launin fata, jinsi, harshe, addini, ra'ayin siyasa, asali, halin arziki da haihuwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta ƙara wani abu mai muhimmanci: ƙin yi wa ɗalibi mai nakasa gyaran da ya dace kuma bai gagara ba, shi ma wariya ne. Amma duk abin da ya shafi lalata, sau ɗaya ya isa. Ba a jiran a maimaita.

Mataki na 2: Sauraron farko

A nan ake cin nasara, a nan kuma ake faɗuwa, don haka kowane ma'aikaci ya kamata ya iya shi, har da mai gadi da mai shara da direban motar makaranta. Yara ba sa zaɓen wanda za su faɗa wa ta la'akari da muƙami.

Ka ajiye abin da kake yi. Ka kai yaron inda ba a jin maganarku amma ana iya hango ku, kamar ajin da ba kowa, ƙofa a buɗe. Ka zauna, kada ka tsaya a kansa. Ka kuma mallaki fuskarka: in ka zaro ido ko ka yi salati da ƙarfi, yaron zai ɗauka ya jawo bala'i, ya haɗiye sauran.

Sau da yawa kafin a ce komai sai an nemi alƙawari. "Malama, amma ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba." Kada a rantse. Ga amsar da ta fi dacewa: "'Yata, ba zan yi miki alƙawarin da zan karya ba. In abin da za ki faɗa ya nuna ana cutar da ke, dole in sanar da mutum ɗaya ko biyu waɗanda aikinsu ne su kare ki. Zan faɗa miki ko su wane ne kafin in je wurinsu, kuma ba za ki ji maganar nan tana yawo a ɗakin malamai ba." Wata yarinyar za ta yi shiru ta tafi. Ƙyale ta, ka gaya mata ƙofa a buɗe take, ka kuma sanar da jami'in kare ɗalibai cewa akwai alamar damuwa. Wannan ya fi a ce ta buɗe cikinta bisa alƙawari, washegari ta tarar an karya.

Tambayoyinka su zama kaɗan, kuma masu barin yaro ya yi magana da bakinsa: "Faɗa mini abin da ya faru." "Daga nan sai me?" "A ina ke nan?" "Akwai wanda ya gani?" Kada ka sa masa magana a baki da irin su "Ya taɓa ki a nan, ko?" Yaro yakan ce "e" don ya faranta wa babba, kuma in maganar ta kai kotu, wannan tambaya guda na iya ɓata shaidarsa duka.

Akwai tambayoyin da zargi ne a cikin rigar tambaya. "Me ya kai ki can?" "Wace irin shiga kika yi?" "Kai ba namiji ba ne, ba ka iya ramawa?" Da kuma wadda aka fi yi: "Me ya sa sai yanzu kike faɗa?" Hukumar binciken da ƙasar Ostareliya ta kafa kan lalata da yara a makarantu da sauran cibiyoyi, wadda ta miƙa rahotonta a 2017, ta gano cewa waɗanda suka ba ta labarinsu sun ɗauki kusan shekara 24 a matsakaici kafin su faɗa wa wani. Yarinyar da ta zo bayan wata uku, ai ta yi sauri.

Kafin ku rabu, ka faɗa wa yaron abu uku: ya yi daidai da ya faɗa, abin da aka yi masa ba laifinsa ba ne, sannan ga abin da zai biyo baya da ranar da za ka sake nemansa. Ka tambaye shi me yake so a yi. Ba lallai ne a yi yadda ya ce ba, amma sashe na 12 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta 1989 ya ba shi haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan duk abin da ya shafe shi.

Babban kuskuren da ake tafkawa a wannan gaɓar shi ne malami ya fusata ya ce, "Je ka kira mini shi!" Sai a tsayar da yaran biyu a gaban tebur, a ce wa wanda aka zalunta ya maimaita abin da ya faɗa. Yaron da wata guda ke nan yana tsoron haɗa ido da wannan mutumin, me ake tsammani zai ce? "Wasa ne, Malam." Sai a ce su gaisa, a sallame su, su fita tare ta ƙofa ɗaya.

Mataki na 3: A rubuta, a ranar

Ba gobe ba. A rubuta kwanan wata, lokaci, wuri, wanda ya faɗa, wanda ya saurara, da kalmomin yaron kamar yadda suka fito daga bakinsa, ko da akwai ashar a ciki. Kada a gyara masa harshe. Duba bambancin waɗannan biyun:

"Ɗalibar ta yi ƙorafin cewa wasu na damunta. Da alama tana da saurin fushi."

"Talata, ƙarfe 11:20, bayan tara. Ta ce: 'Tun farkon zangon nan su ukun suke kwaikwayon in'inata duk sanda na tashi karatu. Jiya sun ɗauki muryata a waya sun tura a zauren WhatsApp na ajinmu.' Tana kuka lokacin da take magana. Na tambaye ta wa ya gani, ta ambaci mutum biyu."

Na farkon ra'ayin malami ne, babu abin da mai bincike zai kama a ciki. Na biyun ya ba da rana, ya ba da shaidu, ya nuna inda hujja take. A karanta wa yaron abin da aka rubuta ya tabbatar, a sa hannu, a miƙa wa jami'in kare ɗalibai kafin a tashi. Takardar ta zauna a durowa mai makulli, ko fayil na kwamfuta mai lambar sirri. Koken da aka jefa a akwati ba suna shi ma a shigar da shi rajista. Ba zai isa a hukunta kowa ba, amma ya isa a buɗe ido.

Mataki na 4: A tantance wanda ya fi ƙarfin makaranta

Wasu koke-koken ba na kwamitin ladabtarwa ba ne. Fyaɗe ko kowace irin lalata da yaro, rauni mai tsanani, makami, barazanar kisa, yaɗa hotunan tsiraicin ɗalibi: waɗannan laifuffuka ne, na 'yan sanda ne da jami'an kula da walwalar yara, kuma a ranar ake kai su. A ƙasashe da dama doka ta wajabta wa malami kai rahoto, shirun kansa laifi ne.

In fyaɗe ne, asibiti ke gaba da komai, domin lokaci na ƙurewa. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar HIV sai an fara shan sa cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana 5, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon amfaninsu. Kada a wanke tufafin da ke jikin yaron lokacin da abin ya faru. Kada malami ya ce zai duba jikin yaro da kansa. In hotunan tsiraici ne, kada a buɗe don a "tabbatar", kada a tura wa shugaba ko wani a waya. A kashe wayar a ajiye ta har hukuma ta karɓa. Yaron da ya ambaci kashe kansa kuwa, ba a barin sa shi kaɗai ko na ɗan lokaci har sai an danƙa shi ga iyayensa da ma'aikacin lafiya.

Da zarar magana ta koma hannun hukuma, makaranta ta dakata da nata tambayoyin har sai an ba ta izini. Kare yaron dai yana nan a wuyanta.

Mataki na 5: Kariya kafin a gama bincike

Ba a jiran sakamako kafin a raba mutane. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in dole wani ya matsa, wanda ake ƙara ne zai matsa. Sau nawa ake cire yarinyar da ta kawo koke daga ajinta, a raba ta da ƙawayenta, shi kuwa wanda ta kawo ƙara yana nan a kujerarsa? Duk ajin sun ga darasin, kuma ba wanda zai sake magana. Sai dai in ita ce ta nemi a sauya mata.

In malami ake ƙara, a janye shi daga koyar da wannan ɗalibi, da duba takardun jarrabawarsa, da kwana a ɓangaren ɗakunan kwanan ɗalibai. In zargin mai nauyi ne a dakatar da shi har a gama. A bayyana masa a rubuce cewa wannan ba hukunci ba ne, kuma ba a yanke cewa ya yi ba. A cikin takardar a gargaɗe shi: kada ya tuntuɓi yaron, ko iyayensa, ko shaidu, kai tsaye ko ta hannun wani. Ramuwar gayya laifi ne mai zaman kansa, ko da daga baya koken farko bai tabbata ba.

Mataki na 6: Iyaye

A sanar da su da wuri, ido da ido in ya yiwu, kada su fara ji a bakin maƙwabta. Togiya ɗaya ce: in ana zargin cutarwar daga gida take, jami'an walwalar yara ake fara kira, su za su ce yaushe kuma ta yaya za a tunkari iyayen.

Kada a haɗa iyayen ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya. Uban wanda ake ƙara zai iya shigowa da zafi: "Malam, ɗana ba ya haka, sharri ake masa." Kada a ja da shi. A ce, "Mun ji, Baba, kuma ba mu yanke komai ba. Za mu saurare shi yadda muka saurari ɗayan, kana iya zama kusa da shi lokacin." Iyayen wanda aka cuta kuma wani lokaci su ne za su ce a bar kaza cikin gashinta, don gudun surutun mutane. A fahimci tsoronsu, a tabbatar musu sunan ɗansu ba zai fita ba. Amma a gaya musu gaskiya: akwai sauran yara a makarantar, kuma in laifi ne da doka ta ce a kai, makaranta ba ta da ikon binne shi.

Mataki na 7: Bincike

Wa zai yi? Mutum biyu sun fi ɗaya: ɗaya na tambaya, ɗaya na rubutu. Kada a sa abokin wanda ake ƙara, ko ɗan'uwansa, ko wanda ke ƙarƙashinsa a aiki. Yin haka ba wa kura ajiyar nama ne. Wanda ya yi bincike kuma, in ma'aikata sun wadata, kada ya zama shi ne mai yanke hukunci.

A fara da rubuta ainihin abin da ake zargi, ɗaya bayan ɗaya, da rana da wuri. "Yana takura mata" ba abin bincike ba ne. "Ranar kaza ya tsare ta a ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi, ya ce ba za ta ci darasinsa ba sai ta ba shi lambar wayarta" abin bincike ne, domin ana iya duba jadawali, a duba rajistar ranar, a tambayi mai riƙe da makullin ɗakin.

Kada a yi ta sa yaro yana maimaita labarinsa ga malamin aji, da mataimakin shugaba, da shugaba, da kwamiti. Kowace maimaitawa fama ciwo ce, kuma ƙananan bambance-bambancen da dole a samu su ne daga baya ake kamawa a ce ƙarya yake. Zama ɗaya cikakke, tare da babban da ya zaɓa ya zauna kusa da shi, ya wadatar.

Shaidu a gan su ɗaya-ɗaya, a rana ɗaya in da hali, kuma kada a jera su a benci ɗaya a bakin ofis suna jiran layi, domin kafin a kira na biyu sun daidaita baki. Kada a ce wa shaida "Wance ta ce kaza, haka ne?" A ce, "Ina kake lokacin tara ranar Litinin? Me ka gani? Me ka ji da kunnenka, me kuma aka ba ka labari?" Hujjar waya a ɗauki hotonta yadda lamba da rana da lokaci za su fito, kafin a goge. A gaya wa yaron da aka tura wa saƙon zagi kada ya goge, kada kuma ya mayar da martani.

Wanda ake ƙara yana da haƙƙi cikakke. A ba shi zargin a rubuce, dalla-dalla yadda zai iya kare kansa, a ba shi lokacin shiri, a bar shi ya kawo shaidunsa, a kuma bi su da gaske. In ɗalibi ne, a tuna shi ma yaro ne. Ba a tsare shi a ofis ana daka masa tsawa har sai ya amsa. Amsa laifin da aka samu da tsoratarwa ba ta da daraja, kuma yaron da ke cin zalin wasu wani lokaci shi ma akwai mai cin nasa.

Koken wariya yana da nasa salo, domin da wuya a sami wanda ya ji an furta komai. Malamin da ke danne ɗaliba saboda ƙabilarta ko addininta ba zai faɗa ba. Kwatanci ne ke tona shi. In ta ce ana rage mata maki, a ɗauko takardarta da wasu tara na 'yan ajin, a rufe sunaye, a ba wani malamin darasin ya sake dubawa da ma'aunin ba da maki iri ɗaya. In tata kaɗai ce ta yi tsalle, an sami abin kamawa. In koken kan horo ne, a buɗe littafin ladabtarwa: yara nawa suka yi wannan laifin a shekarar nan, wa aka yi wa gargaɗi, wa aka dakatar? Wani lokacin ma babu mugun nufi ko kaɗan. An kai ajin ɗalibi mai keken guragu hawa na biyu saboda wanda ya tsara azuzuwa bai tuna da shi ba. An ajiye yarinya zabiya, mai raunin gani, a layin baya saboda tsayinta. Ba sai an sami mugu ba kafin a ce an yi wariya. A sauko da ajin, a dawo da ita gaba, yau.

Mataki na 8: Yanke hukunci

Makaranta ba kotun manyan laifuka ba ce, ba a buƙatar hujjar da ta kore kowane kokwanto. Abin da aka saba aiki da shi shi ne rinjaye: in aka auna duka, faruwar abin ta fi rashin faruwarsa ƙarfi? Rashin shaidar gani da ido ba ya kashe koke, tunda mai cin zarafi ba ya gayyatar 'yan kallo. A duba ko labarin ya tsaya a kan ƙafarsa, ko ya dace da jadawali da rajista, ko yaron ya faɗa wa wani a lokacin, ko an taɓa kawo makamancinsa a kan mutumin.

Sakamako uku ne: ya tabbata, bai tabbata ba, ko an tabbatar ƙage ne. A kiyaye tsakanin na biyu da na uku. "Bai tabbata ba" na nufin hujja ba ta isa ba, kuma ba a hukunta yaro a kan haka. Sai an sami hujja ƙarara cewa da gangan ya shirya don ya shafa wa wani kashin kaji, sannan a ɗauki mataki a kansa, a kuma wanke wanda aka zarga a rubuce.

Horon ya dace da girman laifin, ya kuma zama mai gyara. Sashe na 28 na yarjejeniyar 1989 ya ce ladabtarwar makaranta ta kasance mai kiyaye mutuncin yaro. Fito da mai laifi gaban asambuli a kunyata shi yana fallasa wanda aka cuta ne tare da shi, kuma a kan wanda aka cutan za a rama bashin. Sulhu yana da wurinsa tsakanin sa'o'i, a kan ƙaramin abu, in wanda aka cuta ya yarda da kansa. Ba shi da wuri a maganar lalata, ba shi da wuri tsakanin malami da ɗalibi. Kada kuma a manta da 'yan kallo. Shirin yaƙi da cin zali a makarantu mai suna KiVa da Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan ta tsara an gina shi ne a kan cewa dariya da shirun sauran 'yan aji su ne ladan mai cin zali. In ajin ya daina ba shi wannan lada, kasuwarsa ta faɗi. Saboda haka a yi aiki da ajin gaba ɗaya, ba tare da ambaton suna ba.

In malami ne laifin lalata ya tabbata a kansa, akwai wata dabara da makarantu ke yi don kare sunansu: a ce ya ajiye aiki cikin rufin asiri, a ba shi takardar yabo, ya tafi. Makaranta ta gaba ya nufa, wurin 'ya'yan wasu. Abin ya yi yawan da dokar ilimi ta Amurka ta 2015 sai da ta sa jihohi su haramta taimaka wa irin wannan ma'aikaci samun sabon aiki. Ko ya ajiye aiki a kammala binciken, a rubuta sakamakon, a sanar da hukumar da ke yi wa malamai rajista.

Mataki na 9: Sanarwa da ɗaukaka ƙara

Kowane ɓangare ya sami takarda: abin da aka bincika, abin da aka gano, da dalili. Mai koke ba lallai ya san kowane horon da aka yi wa ɗayan ba, amma dole ya san matakan da suka shafi tsaronsa. A faɗi wurin wanda za a ɗaukaka ƙara da cikin kwana nawa, kuma ya zama wanda bai sa hannu a hukuncin farko ba.

Mataki na 10: Bibiya

Ramuwar gayya bayan an rufe fayil take farawa, kuma a hankali take zuwa. An daina zama kusa da yarinyar. Ana kiran yaron ɗan gulma. Abokan malamin da aka hukunta sun daina kiran sunanta in ta ɗaga hannu, makinta ya fara zamewa a darussan da ba ta taɓa faɗuwa ba.

A sa ranakun ganawa tun ranar da aka yanke hukunci: bayan mako biyu, bayan mako shida, da ƙarshen zango. Kada a tambayi yaro "Lafiya dai ko?" domin "Lafiya lau" zai ce. A tambaye shi, "Da wa ka zauna lokacin tara jiya? Ta wace hanya kake bi zuwa gida yanzu? Akwai wanda ya yi maka maganar ƙarar nan?" A duba rajistar zuwansa da sakamakonsa, a kwatanta da na zangon baya. A leƙa wanda aka hukunta shi ma, da shaidun da suka yi magana.

A ƙarshen kowane zango jami'in kare ɗalibai ya zauna da rajistar koke-koke, ya cire sunaye, ya duba wurare da lokuta. In koke uku sun fito daga bayan banɗaki lokacin tara, a sa malami mai sintiri a wurin daga ranar da aka dawo hutu. In sunan ma'aikaci ɗaya ya fito sau uku a koke-koken da kowannensu "bai tabbata ba", a haɗa ukun a fayil guda, a miƙa wa wanda bai taɓa duba ko ɗaya daga cikinsu ba.